Sallar Idi a Kano: An buɗe filayen idi alhali maƙabartu ba su huta ba

A ranar Litinin 18 ga Mayun 2020, Sakataren Gwamnatin Tarayya na lokacin, Boss Mustapha, ya sanar da ƙarin mako biyu a kan dokar kullen da aka sa wa Kano saboda annobar korona, amma sa'o'i kaɗan bayan haka gwamnatin jihar ta Abdullahi Ganduje, gwamnan lokacin, ta ba da izinin yin sallar Juma'a da ta Idi a faɗin jihar. Mazaunin Fagge ko Ɗorayi ya kwana da umarni biyu masu karo da juna, kuma ba sai an tambaye shi wanda zai bi ba.

Hujjar da masu goyon bayan wannan mataki suka yi ta maimaitawa ita ce alƙaluman masu cutar da hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke fitarwa kowane dare a lokacin ba su kai abin tayar da hankali ba, idan aka kwatanta da yawan al'ummar Kano. Wannan magana ce ta wanda ya rufe ido sannan ya yi rantsuwa bai ga komai ba. Alƙaluman nan suna ƙirga waɗanda aka yi wa gwaji ne kawai, kuma mun san yadda gwaji ya kasance a nan. Sai ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano, kuma kafin watan ya ƙare an dakatar da aiki a ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda shi kaɗai jihar take da shi a lokacin. A daidai waɗannan kwanaki ne masu haƙa kabari suka fara cewa aiki ya fi ƙarfinsu, a daidai lokacin ne kuma muka riƙa tashi kowace safiya da sanarwar rasuwar wani farfesa, ko wani alƙali, ko wani dattijon unguwa da aka gani lafiya ƙalau a makon da ya gabata. Gwamnatin jiha ta ce hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai ga Dakta Nasiru Sani Gwarzo, wanda ya jagoranci tawagar da Abuja ta turo, ya fito a farkon watan Mayu ya danganta yawancin mace-macen da korona. Duk da ƙarancin gwajin, Kano ce ta biyu bayan Legas a yawan waɗanda suka kamu a lokacin.

An ce za a tilasta sanya takunkumin baki da hanci, a ajiye ruwa da sabulu, a kuma ba da tazara a sahu. Na ga yadda irin wannan alƙawari yake ƙarewa a ranar wata Alhamis da aka sassauta doka domin a yi cefane. A bakin kasuwar kayan miya, wani matashi ya sa takunkumi ya wuce jami'an tsaro, yana shiga ya cire ya miƙo wa abokinsa ta saman katanga, shi ma ya sa ya shige. A ciki kuwa kafaɗa na gugar kafaɗa, mai tumatir ya saukar da nasa zuwa haɓa domin ya ji daɗin ciniki, bokitin wanke hannun kuma tun kafin azahar ya bushe. Gwamnatin da ta kasa tsara masu sayen tattasai na sa'o'i kaɗan ba za ta iya tsara dubban masallata a filin idin Ƙofar Mata ba, inda dattawa, waɗanda su cutar ta fi kayarwa, su ne ke cika sahun gaba. Bayan an sallame kuma sai musafaha da rungumar barka da sallah, daga nan yara su bazu gidajen kakanni, alhali an tabbatar mutum yana iya ɗauke da ƙwayar cutar, yana yaɗa ta, ba tare da ya yi ko tari ba.

Masu cewa hana jam'i yaƙi ne da addini su fara kai ƙorafinsu Saudiyya, wadda ta dakatar da Umara tun ƙarshen Fabrairu, ta kuma sanar da hana fita dare da rana a dukan kwanakin sallah. Sun kuma san abin da Sayyidina Umar ya yi da ya ji annoba ta ɓarke a Sham: ya juya da jama'arsa, ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Batun yunwa kuwa gaskiya ne, sai dai sallar idi ba ta sa wa kowa hatsi a tukunya, kuma tallafin da aka yi ta shela a rediyo shi ya kamata a tambayi inda ya maƙale.

Ko Ghana, wadda a lokacin ta fi mu yawan gwaji nesa ba kusa ba, ta ɗage kullen Accra da Kumasi a ranar 20 ga Afrilu, ba a yi mako uku ba shugabanta ya sanar da cewa ma'aikata 533 sun kamu a wata masana'antar sarrafa kifi da ke Tema. Su sun gano nasu ne saboda suna nema.

Abin da ya kamata ba shi da wuya: a janye izinin, kowa ya yi sallarsa a gida da iyalinsa, a ƙara wuraren gwaji, a kai abinci unguwanni ta hannun masu unguwa. Idan kuma aka ƙi, alamomin cutar kan ɗauki har kwana 14 kafin su bayyana, wato wanda ya kwaso ta a sahu ranar idi, Asabar 23 ko Lahadi 24 ga Mayun 2020, zai iya kwanciya ne a farkon watan Yuni, lokacin da an daɗe da naɗe tabarmin idi, kuma tun yanzu ana iya hasashen sunan ciwon da za a ce shi ya kashe shi.