Hoton yaƙi: wa ya zaɓa wa mai kyamara wurin tsayawa?

A ƙarshen Disamban 2016 jaridun Najeriya sun cika da hoto guda: Manjo Janar Lucky Irabor, kwamandan rundunar Lafiya Dole, yana miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari tutar Boko Haram da sojoji suka ce sun ƙwato a dajin Sambisa. Wata guda bai cika ba, ranar 17 ga Janairun 2017, jirgin sojin sama ya saki bama-bamai a kan sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno. Hotunan Rann da duniya ta fara gani ba rundunar soja ce ta raba su ba. Daga hannun ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka fito, waɗanda aikin rigakafin yara ya kai su garin.

Babu ƙarya a ko ɗaya daga cikin hotunan nan. Sai dai na farko an gayyaci kyamara ne aka shirya mata wuri, na biyu kuwa da ba a yi katarin samun baƙi a garin ba, da sanarwar takarda kawai za mu gani. Mukan ce gani ya kori ji, amma a harkar yaƙi akwai wanda ya riga ya yanke abin da za a gani tun kafin a danna kyamara.

Ɗan jarida ba ya ɗaukar jakarsa ya nufi fagen daga yadda ya ga dama. Ko dai ya bi ayarin sojoji, ya sauka inda suka sauke shi, ko ya zauna a Maiduguri yana jiran abin da sashen hulɗa da jama'a na runduna zai turo. Shi ya sa hotunan suka zama iri ɗaya har mun haddace su: bindigogi a jere a ƙasa, harsasai a tsibe, babura a ƙone, samari a zaune ba riga an ce waɗanda ake zargi ne. Kotu ba ta saurare su ba, amma hoto ya riga ya yanke musu hukunci.

Kada wani ya ɗauka mu kaɗai ke da wannan ciwo. A 2003 Amurka ta ɗauki ɗaruruwan 'yan jarida ta saka su cikin rundunoninta da suka shiga Iraƙi, suna ci tare da soja, suna kwana tare da shi, rayuwarsu a hannunsa. Ranar 9 ga Afrilu aka tumɓuke mutum-mutumin Saddam Hussein a dandalin Firdaus na Bagadaza, daura da otal ɗin Palestine inda 'yan jaridar waje ke sauka. Hotunan da aka ɗauka daga kusa sun nuna kamar birnin ne kacokan ya fito murna. Waɗanda aka ɗauka daga nesa suka nuna dandalin bai ma cika ba, kuma motar sojan Amurka ce ta ja gunkin ya faɗi. Yaƙin da wancan hoto ya nuna kamar ya ƙare, sai da ya ƙara cin shekaru.

Inda abin ya fi tayar min da hankali shi ne idan soja ya bar bariki ya shiga siyasa, don a nan hoto kan koma makami. Ku tuna Shugaba Alpha Condé na Gini ranar 5 ga Satumban 2021 a Konakiri: dattijo a kan kujera, ƙafa ba takalmi, riga a buɗe, sojoji ɗauke da bindigogi sun zagaye shi. Sojojin da suka kama shi ne suka ɗauka suka watsa, kuma kafin jagoransu Mamady Doumbouya ya gama jawabi jama'a sun fahimci mulki ya koma wani hannu. Haka daren 26 ga Yulin 2023 a Yamai, Kanar-Manjo Amadou Abdramane na karanta sanarwar juyin mulki, hafsoshi a tsaye a bayansa cikin kakin rundunoni daban-daban, don kowa ya ga kan sojoji a haɗe yake. Shi kuwa Kyaftin Ibrahim Traoré, shugaban mulkin soja na Burkina Faso, jar hularsa da bindigar da ya ɗaura a ƙugu wurin rantsar da Shugaba John Mahama na Ghana a Accra cikin Janairun 2025 sun fi yawo a wayoyin matasa fiye da duk wani bayani kan ƙauyukan Burkina Faso da har yanzu 'yan bindiga ke yi wa ƙawanya. Kaki na yin kyau a hoto, wannan ba gardama. Layin masu neman hatsi kuwa ba ya jan ido haka.

Masu kare sojoji za su ce yaƙi yana da sirri, kuma gawa tana da alfarma, ba a baje ta a jarida. Na yarda da duka biyun, musamman na biyu, don a wurinmu suturta mamaci wajibi ne. Amma sirrin yaƙi daban, ɓoye asara daban. Amurka ta hana ɗaukar hoton akwatunan gawar sojojinta a sansanin Dover tun 1991, sai a 2009 aka ɗage haramcin, aka bar wa iyalai zaɓi. Wanda irin wannan ɓoyo ya fi cuta shi ne ƙaramin soja. Da aka kai hari sansanin soja na Metele a jihar Borno a Nuwamban 2018, bidiyon maharan ya riga cikakken bayanin runduna isa ga jama'a, iyaye da matan aure na ta dube-duben fuskoki a waya.

Editoci ba su da ikon buɗe hanyar Sambisa, amma layin da ke ƙarƙashin hoto nasu ne. Idan runduna ce ta turo hoton, a rubuta haka ɓaro-ɓaro. Idan da rakiyar soja wakilinsu ya je, a faɗa. Kuma a daina ɗauko tsohon hoton sojoji a kan motar sintiri ana liƙa wa labarin harin da aka kai jiya a wata jihar daban, kamar yadda shafukan intanet da dama suka mayar al'ada.