Don Allah ku bar Callas ta ja numfashinta

Wannan bidiyon da kuke ta turo min tun jiya na gani, kuma wallahi raina ya ɓaci. An ɗauko muryar mawaƙiya Maria Callas tana rera Vissi d'arte, wata waƙa a cikin Tosca, opera (wasan kwaikwayo na waƙa) da Puccini ya tsara, faifan 1953 fa, aka ƙara mata gudu, aka lafta ta a kan bidiyon amarya tana juyi ana watsa mata furanni. Haba jama'a! Wanda ya yi aikin bai san me ya taɓa ba, amma masu kare shi sun fi ba ni haushi.

Vissi d'arte ba waƙar biki ba ce, kukan macen da aka kai bango ne. A kashi na biyu na wasan, cikin fadar Farnese a birnin Rum, shugaban 'yan sanda Scarpia ya sa ana gana wa Cavaradossi, masoyin Tosca jarumar wasan, azaba a ɗakin gefe tana jin ihunsa da kunnenta, daga baya ya ce mata in tana so ya rayu sai dai ta ba shi kanta. A nan ne take tambayar Ubangiji me ta yi, ita da ba ta taɓa cutar da wani mai rai ba, aka saka mata da wannan. Ba a jima da gamawarta ba ta ɗau wuƙa a kan teburin cin abincinsa ta caka masa. Wannan kuka ɗora wa amarya.

Jinkirin nan shi ne waƙar, in ka cire shi ba abin da ya rage. Puccini da hannunsa ya rubuta Andante lento appassionato a saman wurin, a tafi a hankali da nauyin zuciya, ba don bai iya rubuta mai gudu ba, ai a wasan nan akwai wuraren da kiɗan ke tsere kamar ana kora. A nan ne ya ga dama ya tsayar da komai cak don mu zauna da ita cikin halin da take ciki. Kai kuma ka zo da yatsa ɗaya ka danna ka ce ta yi sanyi da yawa.

Wani ya ce min ai manhaja ta auna ta ce bugu kaza ne a minti, shi ɗan ƙari kawai ya yi. Wane bugu? Sa abin kunne ka saurara da kyau. Victor de Sabata da ke jagorantar makaɗan gidan opera na La Scala a faifan ba agogo yake bi ba, numfashinta yake bi, in ta ja ya jira ta, in ta matsa ya biyo ta, layi biyu a jere ba sa tafiya da gudu ɗaya. Ka ji farkon yadda muryar ke gangarowa mataki mataki ƙasa ƙasa kamar mai magana da kanta, ka ji wajen ƙarshe inda ta hau sautin B-flat na sama ta riƙe shi sannan ta sauko, ta ɗan yi shiru, makaɗa duk suka dakata mata. Shirun nan kuka fara yankewa, kuma shi ne wurin da ke sa tsigar jikin mutum tashi.

Sai masu cewa ai a meja take, wato tsarin sauti mai haske, meja kuma farin ciki ne. Wa ya gaya muku? Eh, gangar jikin waƙar a E-flat meja take, bayan ta buɗe da duhun maina, kishiyar meja. Amma karin da makaɗa ke yi a ƙarƙashinta shi ne wanda ya rako ta a kashi na farko lokacin da ta shigo cocin Sant'Andrea della Valle da furanninta. Yanzu ya dawo mata a ɗakin mutumin da ke son keta mata mutunci. Daɗin sautin shi ne ciwon, tana tuna kwanciyar hankalin da aka ƙwace mata. Manhaja ba ta san wannan ba, ita dai ta ga meja ta rubuta nishaɗi.

Kuma ƙara gudun ba lokaci kaɗai yake ci ba. In ka kai gudun ninki 1.25 ba tare da ka riƙe sautin ba, komai zai hau sama kusan rabin mataki huɗu, E-flat ɗin ya doshi G, muryar Callas mai kauri da ɗan ɗaci ta koma siririya ba nauyi. Kar ma a ce min akwai manhajar da ke riƙe sautin, ko ta riƙe, numfashin fa? Batun wai hakan na jawo matasa su san opera kuwa ku ajiye shi, wanda ya ji wannan bai ji Callas ba. Waƙar nan duka duka minti uku da ɗan wani abu ce, wanda bai da haƙurin minti uku ya nemi wata, waƙoƙin biki sun cika duniya.

Ni abin da ma ke damuna a faifan nan kullum Callas ake ambata, ana mantawa da Tito Gobbi, wanda ya rera Scarpia. Ku je ƙarshen kashi na farko, wurin Te Deum, waƙar yabon Ubangiji ta coci, ƙararrawa na kaɗawa, ana harba igwa daga nesa, jama'a na addu'a a coci shi kuma Scarpia yana tsaye yana ƙulla yadda zai rataye saurayin ya mallaki budurwar, muryar a kwance lumui ba ihu ba gaggawa amma tana ba da tsoro. De Sabata kuma a shekarar nan ta 1953 ciwon zuciya ya kama shi ya kusan daina aiki gaba ɗaya, faifansa na opera kuma ba su da yawa. Duk mai tsohon bugun kamfanin EMI na asali, mono ɗin nan da ba a yi masa kwaskwarima ba, don Allah ya yi min magana ta inbox ina nema.