Ƙannena masu aron kwamfuta, ku riƙa share sawunku

Assalamu alaikum. Maganata da ku ce, ƙannena ɗalibai na Gusau da Kauran Namoda da Talatar Mafara, musamman masu shirin kare furojet. Yawancinku ba ku da kwamfuta taku. Ko ta aboki, ko ta shagon buga takardu a bakin makaranta. Aro ba abin kunya ba ne, amma barin sirrinka a cikin kayan aro sakaci ne.

PowerPoint, manhajar da ake shirya shafukan gabatar da aiki da ita, ba ta mantuwa. Duk fayil ɗin da ka buɗe, da samfurin (template, wato tsarin shafuka da aka riga aka shirya) da ka ɗora aikinka a kai, tana jera su ga wanda zai zauna bayanka. An haɗa kwamfutar da majigi a gaban malamai, an danna File, sai ga sunayen ɓaro-ɓaro a bango: kasafin bikin wance, takardar neman bashi, har da furojet ɗin wani na bara mai suna kusan irin naka. Ko samfurin kawai ka ara, wa zai tsaya sauraron bayaninka? An riga an yi maka kallon mai kwafe.

Gyaran ba ya cin minti biyu. Shiga File, sannan Open, ka ga jerin Recent. Danna maɓallin dama na linzami a kan sunan, ka zaɓi Remove from list. Masu LibreOffice Impress, wata manhaja irin PowerPoint, ku duba Recent Documents a ƙarƙashin File, Clear List na can ƙasa, amma shi jerin gaba ɗaya yake kwashewa, don haka sai da izinin mai kwamfutar. Samfuran da ka ajiye da hannunka kuwa, masu ƙarewa da .potx, galibi suna cikin Custom Office Templates a Documents. Can za ka je ka kwashe naka.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Cire suna daga jeri bai goge fayil ba. Kamar ka share sawun akuya ne a tsakar gida alhali tana ɗaure a turke. Fayil ɗin yana nan a Downloads ko Desktop, kowa na iya buɗewa. Ka juye shi a filashinka, ka goge na kwamfutar, ka zubar da na Recycle Bin. In ka shiga da asusunka na Microsoft ko Google, ka fita kafin ka tashi, don jerin yana bin asusun ne duk inda ya je. Kuma samfurin aro yakan zo da sunan mai shi a ɓoye a bayanan fayil. Inspect Document da ke ƙarƙashin Info zai tono maka shi.

Sai dai kada garin gyaran gira a rasa ido. Akwai Clear unpinned items mai kwashe duk jerin in ban da sunayen da aka maƙale da pin, akwai kuma wurin da ake mayar da adadin jerin zuwa 0 a Options. Waɗannan na mai kwamfuta ne, ba na ɗan aro ba. Wani malamin, Allah Ya sani, ta wannan jerin kaɗai yake gano darussansa, bai san a wace jaka suke ba. Ka share masa, ka bar shi da lalube ranar Litinin da safe. Cire naka ɗai-ɗai, ka bar na mutane yadda ka same su. Abin da idonka ya faɗa a kai ma, ba na kaiwa majalisa ba ne.