A ba ɗalibai abin da za su faɗa da Turanci

Yaro zai shafe shekara shida a sakandare a Kano, ya ci kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, amma ran da aka kira shi intabiyu sai baki ya mutu. Ba daƙiƙanci ba ne. A minti 40 na darasi malam ne ke magana, su kuma suna kwafar allo. Hatta sashen furuci na jarrabawar WAEC da fensir ake amsa shi, a zaɓi A, B, C ko D. Wanda bai taɓa buɗe baki ba ma zai iya cinye shi.

A ganina, a riƙa ba su aikin bincike na gaske. A raba aji rukuni-rukuni, mutum shida ko bakwai. Wasu su je marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake haɗa baba da toka a karofi, wasu su je Dawanau su tambayi dillalai inda riɗi ke tafiya bayan an auna shi. Su yi hirar da Hausa, babu laifi. Bayan mako uku kowane rukuni ya tsaya gaban aji ya yi bayani da Turanci, kowa ya ɗauki ɓangarensa, 'yan aji na jefo tambayoyi. Yarinyar da ta ga hannun marini ya rine shuɗi har wuyan hannu tana da labarin da take ƙagare ta bayar, kuma da kanta za ta nemo kalmomin da take buƙata. Idan ta yi kuskure, malam ya bari ta kai aya kafin ya gyara, ya kuma hana dariya, domin dariyar 'yan aji ce ta rufe bakin yara da yawa.

Malamai za su ce aji ya cika maƙil, ga manhaja ba a gama ba. Gaskiyarsu ne. Amma a aji mai cunkoso ne ma rukuni ya fi amfani, tunda malam ɗaya ba zai saurari kowa ba. Inda iyaye ba su yarda a fita ba, ga matsalar ruwa ko shara a cikin makarantar, su ma abin bincike ne.

A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Bayan gini da kujeru, ina roƙon ma'aikatar ilimi ta ware wa magana da baki makinta a gwajin zangon karatu, domin abin da babu maki a kansa ɗalibi da malami duk ba sa ɗaukarsa da muhimmanci.