Fiya-fiya ba man shafawar jariri ba ce

Saƙon muryar nan da yake yawo a WhatsApp tun farkon damina, inda wata baiwar Allah take koya wa iyaye mata su ɗiga fiya-fiya cikin man kaɗanya su shafe jariri kafin barci domin korar sauro, ganganci ne da ran ɗan mutum. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yawan masu sa mata albarka, har da masu tambayar ɗigo nawa ya kamata a zuba. Sannunku da aiki, likitocin wayar salula.

Fiya-fiya guba ce, kuma galibi sinadarin dichlorvos ne a cikinta, wanda yake ratsa fata ya shiga jini. Yaron da ta kama zai riƙa dalalar da miyau, ya yi amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya yi masa wuya, wani har ya kai ga jijjiga. Man kaɗanya ba ya karya ƙarfinta ko kaɗan. Abin da aka yi domin kashe kyankyaso a lungun ɗaki ba shi da hurumi a jikin jariri, ko ɗigo ɗaya ne.

Za a ce mini sauron unguwannin Harobanda da Saga na Yamai ba ya jin lallashi, kuma wance ta shafa wa nata ba abin da ya same su. Hajiya, Allah ne ya tsare naki, ba gwanintarki ba ce. Kowa a Yamai ya san yadda ɗakunan yara suke cika a likita daga watan Agusta zuwa Oktoba saboda zazzaɓin cizon sauro, amma tsoron zazzaɓi bai halatta shafa wa yaro guba ba.

Ko maganin sauro na shafawa da ake sayarwa a farmasi, wanda domin fata aka yi shi, yana da ƙa'ida. Likitocin yara na Amurka sun hana shafa mai sinadarin DEET ga jaririn da bai kai wata 2 ba, kuma ga wanda ya wuce haka, kada ƙarfinsa ya zarce kashi 30 cikin 100. Mai kashi 10 yana kare yaro kimanin awa 2 ne kawai. Uwa ta zuba a tafin hannunta, ta shafa sama-sama a ƙafafu da damatsa da wuya, ta kauce wa ido da baki da duk inda akwai ƙurji ko rauni. Tafin hannun yaro kuwa a bar shi, domin ba a minti biyar bai kai shi baki ba. In an gama hira a tsakar gida, a wanke masa jiki da sabulu kafin a kwantar da shi. To, idan wanda aka gwada aka rubuta masa takarda yana da wannan doka, ina ga ruwan da ake ɗurawa a tsohuwar kwalba a kasuwa, ba suna ba bayani?

Sauron da yake kawo zazzaɓi da dare yake cizo, saboda haka jariri sange mai magani yake buƙata, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, a sa masa riga mai dogon hannu da magariba. Yara daga wata 3 zuwa 59 kuma akwai maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya suke rabawa gida-gida kowane wata a damina, kyauta.

Don Allah, iyayenmu mata da kakanni, ku daina tura wannan saƙo. Su kuma maza masu kwance sangen da aka raba domin yara su je su kewaye dashen mangwaro da shi don gudun awaki, ina jiran ranar da za su faɗa mana ko mangwaron ma zazzaɓi yake yi.