Felix Nussbaum bai yi ƙaura don son ransa ba

Wani labari da na karanta ya ce mai zane Felix Nussbaum ya koma Beljiyam da zama a 1935, kamar wanda ya sauya unguwa, kuma wannan magana ta sosa min rai. Haifaffen Osnabrück ne a Jamus, mahaifinsa ma tsohon sojan Jamus ne, amma da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 gida ya gagare shi don kawai Bayahude ne. A 1940 aka tsare shi a sansanin Saint-Cyprien a Faransa, ya tsere ya dawo Brussels, babban birnin Beljiyam, suka ɓuya shi da matarsa Felka Platek, ita ma mai zane. Ku dubi hoton kansa da ya zana a 1943: kwalar kwat a ɗage, tauraro rawaya da aka tilasta wa Yahudawa sawa ɗinke a jiki, katin shaida a hannu, katanga ta tokare shi ta baya. A Yunin 1944 aka kama su, sansanin kisa na Auschwitz ya cinye su, a Satumba kuma aka 'yantar da Brussels daga mamayar Jamus. Ga mai cewa ai da ya gudu Amurka, tun 1941 Jamus ta soke zama 'yan ƙasa na Yahudawan da ke waje, to wa zai ba shi biza?