Wai "ƙwan fitila ne kawai"

Wallahi tun jiya abin nan yake ci min rai. Na ɗora hoton aikin Olafur Eliasson, mai fasahar nan ɗan Denmark, wani bawan Allah ya shigo ya rubuta wai ƙwan fitila ne kawai, ko mai gyaran wutan unguwarsu zai haɗa, jama'a kuma suka bi shi da dariya. Haba malam!

Ƙwan fitila ne, mun ji. Amma a 2003 da mutumin nan ya rataya rabin da'ira na fitilu a ƙaton zauren Tate Modern, gidan baje kolin fasaha na Landan, ya lulluɓe rufin da madubi yadda rabin zai cika ya zama rana sukutum, ya saki hazo a ciki, mutum wajen miliyan 2 ne suka je kallo. Manya da furfurarsu suna kwanciya a ƙasa suna neman kansu a madubin sama. Fitilun masu launi ɗaya ne, kana shiga launin rigarka ya ɓace, komai ya koma rawaya da baƙi. Ƙwan fitila kowa na iya saya a kasuwa, sa mutum ya tsaya ya kalli haske shi ne aikin, kuma shi yake yi tun da ya buɗe situdiyonsa a Berlin a 1995.

Ni a bidiyo na gani, kuma abin da ya faɗo min ranar hunturu ce, lokacin da ƙura take rufe gari rana ta fito jajir kamar faifai har kana iya ƙura mata ido. Duk shekara tana zuwar mana kyauta, sai dai mu toshe hanci mu wuce, sai da na ga aikin ɗan Denmark ɗin nan na fara ɗaga kai. Shi ya sa maganar ta min zafi.

Masu cewa mu da ko wutar NEPA ba mu samu ina ruwanmu da wasa da haske, don Allah ku bari. Shi ɗin dai ne a 2012 ya haɗa kai da injiniya Frederik Ottesen suka fito da Little Sun, 'yar fitilar sola rawaya mai siffar fure, aka riƙa sayar da ita da tsada a ƙasashen masu hali don ta yi araha inda babu lantarki. Ya san darajar haske sarai.

Ni da aci-balbal na yi karatun allo a zauren kakana, da safe in ka fyace hanci baƙi ƙirin yake fitowa, kakata kuma kullum faɗanta kar a ƙarar mata da mai. Har yau in na ji warin kananzir ita nake tunawa, Allah ya jiƙanta.